Halayen Mai Fito

Litinin, 7 ga wata, 6:20 na safe

Auta ba ta je aiki ba. Farar rigarta tana rataye a bayan ƙofa tun ranar Asabar da na goge ta, don ita in ta ɗauki dutsen guga sai ta ƙona wuyan riga. Shekara huɗu tana aikin jinya amma guga ya gagare ta. Na tambaye ta ko hutu aka ba ta. Ta ce, “Kusan haka ne, Umma.” Shekara ashirin da bakwai ina koyar da ’ya’yan mutane, na san irin amsar da yaro ke bayarwa in bai yi aikin gida ba. Na ce to, na sa takalmina.

Litinin, 3:15 na yamma

Na fara Mai Fito da ’yan aji shida. Kowace shekara sai an tambayi halayensa a jarrabawar ƙarshe, ko a miƙe ko a karkace, kuma kowace shekara ɗalibaina ne ke cinye tambayar. Ba yabon kai ba ne, abu ne da kowa ya sani. Littafin ya girme ni, labarin wani mutum ne da ya yi shekara arba’in yana ƙetarar da mutane kogi a kwale-kwale. Amma ba littafin ne ke sa yarana su ci ba, takardun darasina ne. Na rubuta su a littafi mai layi shekara goma sha tara da suka wuce, shafi talatin da biyu, kuma malamai daga makarantu uku sun kwafa a wurina. Ɗaya daga cikinsu ko godiya bai yi ba.

Halaye biyar ne: haƙuri, jarumta, kyauta, ƙarancin magana, riƙon amana. Kowanne da misali biyu da lambar babi. Na zuba su a allo ko takarda ban kalla ba. Ina son mutumin nan, in faɗi gaskiya. Ba ya ɗaukar fiye da mutum shida ko wa ya roƙe shi. Mai ciki da masu raka gawa kyauta yake ƙetarar da su. Kowace safiya sai ya kifa jirginsa ya bi shi da tafin hannu daga kai har gindi kafin ya sa shi a ruwa. In aka zage shi sai ya ci gaba da tuƙi. Marigayi babansu Auta yakan ce da Mai Fito mutum ne mai rai da tuni na bar shi na koma bakin kogi. Ban taɓa musa masa ba.

Da na dawo na tarar ta wanke duk labulen gidan.

Talata, 8 ga wata, 5:40 na yamma

Takarda aka ba ta. Na same ta a ƙarƙashin gwangwanin sukari. An dakatar da ita har kwamiti ya zauna ranar ashirin da huɗu. In sun ga dama su karɓe lasisinta, shi ke nan ba ita ba jinya a ko’ina. Na karanta sau uku a tsaye.

Na ce, “Wa ya yi miki wannan?”

Ta ce, “Ba wanda ya yi mini, Umma.”

Na ce kar ta kuskura ta rufa wa wani asiri ta tona nata. Ta ce shayina yana hucewa.

’Yata ce ta zo ta ɗaya a ajinsu a makarantar jinya. Hoton yana falo, kowa na iya zuwa ya gani.

Laraba, 9 ga wata, 7:00 na safe

Ta ɗaya cikin mutum sittin da uku.

Alhamis, 10 ga wata, 4:30 na yamma

Yau haƙuri muka yi. Misali na farko, babi na uku, fatake sun zage shi tun daga wannan gaɓa har waccan saboda ya ƙi ɗaukar kayansu a sahu ɗaya, shi kuwa da suka sauka har ya taya su ɗaura kaya a ka. Yaran sun rubuta, na zagaya na duba, na fizge biro daga bakin mutum biyu.

A ɗakin malamai Malamin Lissafi ya zo ya tsaya a bakin teburina yana juya alli a hannu. Matarsa tana aiki a ɗakin gwajin jini na asibitin. Ya ce, “Malama, ya ƙoƙari? Ya Sista?” Na ce, “Lafiyarta ƙalau, hutawa take yi. Kai ya sakamakon ’yan aji huɗunka, an samu ko mutum goma sun haye?” Ya ajiye allin ya tafi. Mutumin kirki ne, bai cancanci haka ba. To amma ni ma ban aike shi ba.

Na biyo ta layin baya, ta wajen masu gyaran babur. Ya fi nisa, kuma akwai baƙin mai a ƙasa, amma ba mai tsayar da mutum da doguwar gaisuwa.

Juma’a, 11 ga wata, 6:10 na yamma

Kullum ƙarfe huɗu, lokacin ziyara, sai ta sa kayan gida ta fita. Yau na tare ta a ƙofa.

“Ina za ki?”

“Zan dubo shi.”

“Wa?”

“Mutumin gado na huɗu. An mayar da shi sama, ɗakin masu tsananin ciwo da ba a shiga da takalmi.”

Ta ce ba ta shiga, benci take zama a baranda har a kaɗa ƙararrawa. Na ce mata duk wanda ya gan ta a bencin nan zai ce ta amsa laifi. Ta dube ni irin kallon da babansu ke yi mini in na yi ciniki da yawa a kasuwa, ta gyara mayafinta ta fita.

Ban tambaye ta me ya same shi ba. Ni ba likita ba ce.

Asabar, 12 ga wata, 2:00 na rana

Yaya ya zo. Tun da ya bar aiki ba shi da sana’a sai sanin mutane, kuma ya san wani da ya san Babbar Sista, shugabar ɗakinsu Auta. Ya zauna a kujerar babansu, ya cire hula ya ɗora a gwiwa, ya ce in kira ta.

Ya ce, “Na ji komai. An canja wa mutum biyu gado da safe don a kai ɗaya kusa da taga. Da rana allurar na biyar ta shiga jikin na huɗu. To, ya faru. Amma mutumin nan dama jikinsa ya yi nisa, ba wanda zai rantse allura ce. Abin da ya ɗaure ki layi uku ne da kika rubuta da hannunki a littafin ɗaki, kika ce ke kika yi. Babbar Sista ta ce littafin ya tsufa, ɗinkinsa ya saki, dama za a kwafe shi a sabo. Ki je ki sake rubuta ranar, ki tsallake layi ukun, ki sa hannu. Sauran a bar mana.”

Ta ce, “Kawu, na gode. Ba zan iya ba.”

“Ba za ki iya ba, ko ba za ki yi ba?”

“Duka biyun, Kawu.”

Ya juyo gare ni ya ce, “Ke kika haife ta, sai ki yi mata magana. Taurin kan nan na san inda ta ɗebo shi.” Ya ce ba son kai ba ne na Babbar Sista kaɗai, ko da yake ita ma kwamitin zai tambaye ta zancen gadajen. Ya ce yarinyar nan ta sha wuya kafin ta sa farar riga, kuma ni na fi kowa sani. Wannan gaskiya ne, ni na fi kowa sani.

Ban ce a yi ba. Ban kuma ce kar a yi ba. Na ce Yaya ya sha ruwa.

Lahadi, 13 ga wata, 10:00 na safe

Wanda ya canja wa marasa lafiya gado bai gaya wa kowa ba, shi ba a ba shi takarda ba.

Litinin, 14 ga wata, 3:30 na yamma

Jarumta. Wannan ne darasin da na fi so, har muryata kan canja. Babi na tara, yana saurayi, jirgi ya nutse a tsakiyar kogi ranar kasuwa, ya yi ta nutso yana fitowa har ya ceto mutum shida. Na karanta musu daga takarduna, suka rubuta. Na ce su ja layi biyu a ƙarƙashin shida, masu duba jarrabawa suna son lamba.

Na dawo ta layin baya. Saura kwana goma.

Talata, 15 ga wata, 6:45 na yamma

Zan rubuta wannan yadda ya faru, ko da ba zai yi mini daɗin karantawa ba.

Muna kicin, tana yanka albasa, ina tsince shinkafa. Na fara da nesa. Na ce Yaya dattijo ne, ba zai so ta da sharri ba. Na ce layi uku ba su tayar da mara lafiya, barin su kuma ba ya kashe shi. Na ce laifin na wanda ya canja gado ne, ita tsautsayi ne ya biyo ta kanta.

Ta ajiye wuƙar. Ta ce, “Umma, ni na yi. An canja gado, haka ne. Amma katinsa yana rataye a ƙafar gadon da sunansa a jiki. Ana duba kati kafin a yi allura, ranar farko ake koya mana wannan. Ban duba ba. Na bi lambar gado saboda na saba, kwana tara ina yi wa gado na huɗu... ina nufin wurin nan, kusa da ƙofa, allurar nan. Ban duba ba, Umma.”

Na ce shekara huɗu ba ta taɓa kuskure ba. Ta ce yanzu ta yi. Na ce to ta tsallake layi ukun, Allah ya san zuciyarta. Da bakina na faɗa, ba Yaya ba.

Ta sake ɗaukar wuƙar, har na zaci ta yarda. Sai ta ce, “Umma, yaushe rabonki da karanta babi na tara?”

Na ce, “Jiya-jiyan nan na koyar da shi.”

“Ban ce koyarwa ba. Mutum nawa ne a jirgin?”

“Ya ceto shida.”

“Na bakwai fa?”

Ni za a yi wa jarrabawa a kan Mai Fito, a kicin ɗina, yarinyar da na koya wa riƙe fensir. Na ce ta kula da albasarta. Na bar mata shinkafar na shige ɗaki. Raina ya ɓaci sosai.

Laraba, 16 ga wata, 8:00 na safe

Ban yi mata magana ba. Ta ajiye mini shayi a bakin ƙofa, na sha.

Alhamis, 17 ga wata, 4:15 na yamma

Na duba ko’ina a gidan nan, babu littafin. Kabad, akwatin babansu, kwalin da ke saman firij. Takardun darasina dai suna nan a jakata, a cikin leda don kar ruwa ya taɓa su. Littafin kansa kuwa ban san ranar da na gan shi ba.

Dole na je laburaren makaranta. Mai laburaren ta ɗago tabarau ta ce, “Malama, ke da kanki? Ai na zaci a ka yake.” Na ce a ka yake, wani malami ne ya roƙe ni in duba masa lambar shafi. Ta ba ni kati na cika kamar ’yar aji ɗaya. Jan bangon ya koɗe, wani ya zana gashin baki a fuskar Mai Fito.

A hanya na yi lissafi. Rabona da buɗe shi tun shekarar da na rubuta takardun, Auta na aji biyu na firamare, babansu na kwance. Shekara goma sha tara ina koyar da mutum daga abin da na rubuta a kansa a mako ɗaya. Ba ni kaɗai ke yin haka ba, duk malamai haka muke yi, in takardunka sun ci jarrabawa sau ɗaya ba ka sake taɓa su. Amma wannan ba hujja ba ce da zan karɓa daga ɗalibi.

Yana jakata. Ban buɗe ba.

Juma’a, 18 ga wata, 5:30 na yamma

Na karanta a ɗakin malamai bayan an tashi, masu shara suna ta jan kujeru.

Mutum bakwai ne. Ta bakwai wata tsohuwa ce mai tukwane, za ta kai wa ’yarta a ƙetare. Ba a same ta ba sai washegari.

Da safiyar ranar ya ga tsaga a gindin jirgin. Ya cusa tsumma, ya shafa danƙo, ya ce zai kai yamma, don ya sha yin haka kuma yana kaiwa. Da abin ya faru mutanen gari suka ce kogi ne ya cika, wasu suka ce wani falke ne ya miƙe tsaye jirgin ya karkata. Falken har ya fara yarda shi ne. Ana ta kawo wa Mai Fito abinci, ana nuna shi da yatsa, ga wanda ya ceto shida. Ba wanda ya ga tsumman, yana ƙasan kogi. A kwana na uku ya ɗauki filafilinsa ya je wurin dattawan mashigi, ya ajiye a gabansu, ya ce, ni ne, na ga tsagar. Kalmominsa ke nan, bai ƙara ko ɗaya ba. Suka raba shi da ruwa damina uku. Ya yi su yana dakon kaya a bakin gaɓa, waɗanda suka kawo masa abinci suna wucewa ba sa gaishe shi.

Sai da na kai nan na ajiye littafin na rufe fuskata. Kifa jirgi da safe yana bin sa da tafin hannu, bayan wannan ne. Ƙin ɗaukar fiye da shida, bayan wannan ne. Ƙetarar da masu raka gawa kyauta, shirun da na kira ƙarancin magana, duk bayan wannan ne. Ni na zaci haka aka haife shi. Na ɗauki mutum na yanka shi gida biyar don ya shiga allo, na jefar da wurin da abin ya tsiro. A takarduna babin gaba ɗaya layi biyu ne: hatsarin jirgi, ya ceto shida, jarumta.

Ba mantuwa kaɗai ba ce. Na tuna yanzu. Tambayar kyawawan halaye take nema, na ce tsumma ba kyakkyawan hali ba ne, ba zai kawo maki ba. Kuma ina son mutumin, ban so in rubuta masa wannan ba.

Amma littafi littafi ne. Marubuci na iya mayar wa mutuminsa filafili bayan damina uku, alƙalamin a hannunsa yake. Kwamiti ba marubuci ba ne. Tsoro nake ji, tsoro sosai, kuma karatun nan bai rage shi ba.

Asabar, 19 ga wata, 11:00 na safe

Na ajiye littafin a kan teburin kicin. Ta gani, ta ce, “Na gidan yana akwatina. Tun da na karye a ƙafa ina ’yar shekara goma sha biyu kika ba ni don in daina damunki. Da shi na tafi makarantar jinya.” Na ce to ɓarauniyar littafi ce ashe, ina ta zargin babansu a kabari. Ta yi dariya, rabon da in ji dariyarta mako biyu.

Yaya ya bugo waya. Ya ce Litinin za a fara kwafar littafin ɗakin, me muka yanke. Na ce, “Yaya, a kwafe shi yadda yake, da layi ukun.” Ina jin rediyonsa a baya. Ya ce, “Ke ma?” Na ce ni ma. Ya ce, “Allah ya shirye ku, uwa da ’ya.” Har zai kashe sai ya ce ranar Alhamis kar mu hau motar haya, zai zo ya ɗauke mu ƙarfe takwas.

Lahadi, 20 ga wata, 4:05 na yamma

Ta fita. Na ba ta lemo huɗu a leda, ban ce na wa ba.

Litinin, 21 ga wata, 3:40 na yamma

Na shiga aji na ce a rufe littattafan rubutu. Suka dubi juna, don a ajina ba a taɓa jin haka ba. Na karanta musu babi na tara daga farko har ƙarshe, a tsaye, minti talatin da biyar. A wurin filafilin muryata ta so ta ba ni kunya, na yi tari na wuce.

Na gama na rufe littafin. Sai wata daga benci na biyu ta ɗaga hannu ta ce, “Malama, to yanzu biyar za mu rubuta ko shida?” Ga ’yan jarrabawa ke nan, gida na cin wuta suna tambayar maki. Na ce su rubuta biyar ɗin, amma duk wanda ya ba ni Mai Fito babu tsumma zan mayar masa da takardarsa. Na kuma gaya musu takardun da na ba su a kan wannan babi ba su cika ba, kuma ni na rubuta su. Ban taɓa faɗin irin wannan a gaban aji ba. Rufin bai faɗo ba.

A ɗakin malamai na je teburin Malamin Lissafi da ƙafata. Na ce, “Malam, ka yi haƙuri da maganar ranar nan. Me maiɗakinka ta ce game da mutumin da ke sama?” Ya ce an cire masa robar hanci, jiya ya nemi ruwa da bakinsa. Ya ce hannunsa na hagu ne dai har yanzu. Na ce Allah ya ba shi lafiya, kuma da gaske nake. Yau ne karo na farko da na yi wa mutumin addu’a, kuma na ji kunyar hakan.

Ta babban titi na dawo. An tsayar da ni sau huɗu.

Talata, 22 ga wata, 6:30 na yamma

Ta rubuta abin da za ta faɗa wa kwamiti, ta ce in duba mata. Na ɗauko jan biro, hali zanen dutse. Shafi ɗaya ne. Ta faɗi lokacin, ta faɗi abin da ta yi, ta faɗi minti nawa ya wuce kafin ta gane ta kira likita. Zancen canja gado yana can ƙarshe, layi ɗaya, ta ce ta kawo shi ne don a riƙa sanar da mai karɓar aiki. Na nemi wurin da zan cusa mata uzuri ko ɗaya, hannuna har ƙaiƙayi yake yi. Na rufe biron ban taɓa komai ba.

Na ce, “Ya yi.” Ta ce, “Umma, ko ɗigo?” Na ce ko ɗigo.

Ba na faɗa wa yara ina alfahari da su, kansu kumbura yake yi. Zan rubuta a nan. Ina alfahari da yarinyar nan fiye da ranar hoton, nesa ba kusa ba.

Laraba, 23 ga wata, 7:10 na safe

Na rubuta takardar neman izinin gobe. Shugaban makaranta ya duba fayil ya ce rabona da neman izini shekara goma sha ɗaya.

Alhamis, 24 ga wata, 5:50 na yamma

Awa biyu da kwata suka yi da ita. Ni da Yaya muna kan kujerun roba a baranda, yana ta ba ni labarin mutanen da ban sani ba don kar in yi tunani. Da ta fito fuskarta ba ta faɗi komai ba, sai da ta zauna.

Shekara ɗaya ba aiki. Bayan nan wata shida a ƙarƙashin wata, ba za ta taɓa allura ba sai an tsaya a kanta. Ba su karɓe lasisin ba. Yaya ya ce alhamdu lillahi, ya share ido da hularsa, ya ce ƙura ce. Shekara ɗaya tana da tsawo ga mai ashirin da shida, kuma abin zai bi ta a fayil har ta tsufa. Ba zan ce abin ya zo da sauƙi ba.

An ce ta miƙa katin aikinta a ɗakinsu kafin ta tafi. Akwai ƙofar baya ta wajen wanki. Ta ce ta gaba za ta bi, ta kuma hau sama tukuna. Na bi ta.

A barandar sama akwai mace a kan benci, ba ta kai arba’in ba, da filas a gefenta da ledar lemo da na gane. Ta ga Auta ba ta tashi ba, ba ta kuma kau da kai ba. Auta ta durƙusa ta gaishe ta, ta gaya mata hukuncin. Matar ta ji, ta ce, “To.” Sannan ta dube ni ta ce, “Mama, ban yafe mata ba tukuna, ba zan yi miki ƙarya ba. Tela ne, da hannun nan yake riƙe yadi. Amma likita ya ce da ba ta faɗi abin da ta yi masa nan take ba, da ba su san me za su ba shi ba, da yanzu takaba nake yi. Kullum tana nan. Mako guda ban amsa gaisuwarta ba, ba ta fasa zuwa ba.”

Na ce ban zo roƙa mata yafiya ba, wannan tsakaninsu ne, kuma ba a gaggawarsa.

Ta ce, “Ke wace ce tata? Uwarta?”

Barandar cike take lokacin. Ga Babbar Sista da fayil a hannu, ga ’yan ɗakinsu uku sun leƙo, ga masu ziyara da kwanukansu. Na ce, “Ni ce uwarta. Ni na haife ta.” Da muryar da nake magana da ’yan bencin baya na faɗa.

Auta ta ja gefen mayafina ta ce, “Umma, asibiti ne.”

Na ce na sani, ban kuma rage muryar ba.